Ƙulli a Wutsiyar Zare

Duk wani dunƙulen ulu mai duhu da ke cikin kwandon Mama yana da ƙulli a wutsiyarsa. Na lura da haka ne ranar da nake neman batirin rimot, don a gidanmu in abu ya ɓace kwandon ake fara dubawa. Wani dunƙulen ƙulli ɗaya gare shi, wani biyu, wani har huɗu a jere, ƙanana kamar ƙwayar shinkafa. Na ɗauka zaren ne ya harɗe. Batirin ma ba ya ciki.

Wata biyar ke nan da na gama jami'a na dawo gida. Ilimin tsara ɗakin karatu na karanta, wato shekara huɗu ana koya min inda ya kamata kowane abu ya zauna. Tunda ba wanda ya ba ni ɗakin karatu tukuna, sai na fara da gidanmu. Na jera kofuna bisa tsayi. Na jera jaridun Baba bisa kwanan wata, ya ce ya gode, ya kwana biyu yana neman wadda yake karantawa. Kwandon Mama ne kaɗai ya rage.

Mama saƙar kwarashi take yi tun kafin a haife ni. Duk abin da ya wuce mako guda a wuri ɗaya a gidanmu sai ya samu sutura. Talabijin na da riga, firiji na da hula, butar shayi na da riga da hula. Baba yakan ce shi ya sa ba ya daɗewa a kujera ɗaya. Wasa yake yi. Tunda ya yi ritaya daga gidan waya kujera ɗaya yake zama, kusa da taga, kwandon a gefen ƙafarsa ta hagu, Mama kuma a kujerar da ke fuskantarsa.

A lokacin bargon Yaya take saƙawa. Mu biyu ne a wurinsu, Yaya ce babba. Aikinta a masana'anta shi ne duba kaya kafin su fita, ta ware masu aibu, kuma in ta tashi daga aiki ba ta barin halin a can. An yi mata canjin wuri zuwa wani gari mai sanyi, za ta biyo ranar Alhamis ta ɗauki bargon. Ita ta zaɓi launukan ta waya: baƙi, shuɗi mai duhu, ruwan ƙasa mai duhu, kore mai duhu.

"Duk masu duhu?" in ji Mama.

"Ba ni da lokacin wanki," in ji Yaya.

Tsarin mai sauƙi ne. Layi huɗu baƙi, huɗu shuɗi, huɗu ruwan ƙasa, huɗu kore, sai a sake daga farko. Bargon ya riga ya wuce rabi da nisa, kuma ko Yaya aka kira ba za ta samu abin warewa ba.

Ranar Juma'a Baba ya tafi duba ƙaninsa da ya karye a ƙafa, ya ce sai Litinin. Mama ta shiga maƙwabta. Ni kuma na zauna a ƙasa da almakashi, na zazzage kwandon. Mama daga cikin dunƙule take jan zaren da take saƙa da shi, wutsiyar waje ba ta da wani aiki sai rataya, don haka ban ga abin da za a rasa ba. Na yanke ƙulli arba'in da ɗaya. Na ƙirga ne saboda haka aka koya mana. Sannan na jera ulun a kan kanta, na goge kwandon, na share 'yan guntayen.

Da Mama ta dawo ta zauna, hannunta ya shiga kwandon ya fito ba komai.

"Ina uluna?"

"Na jera miki a kan kanta, Mama."

Ta tashi ta je. Ta ɗauki ɗaya, ba ta ko kalle shi ba, ta bi wutsiyar da yatsa biyu har ƙarshe. Ta ajiye, ta ɗauki wani. Haka ta yi wa biyar.

"Kin gyara su," ta ce.

"Duk sun ƙulle ne. Na yanke."

"Sannu da aiki."

A gidanmu "sannu da aiki" iri uku ce. Akwai ta gaske, akwai ta wanda ya fasa kofi, akwai kuma wadda ban taɓa ji ba sai ran nan.

"Yaya kika jera su?"

"Daga mai haske zuwa mai duhu."

"Masu duhun fa?"

"Suna can ƙarshe, tare."

"Tare."

"E."

"Allah ya yi miki albarka, Auta," ta ce, ta kwashe masu duhun duka ta mayar cikin kwando.

Washegari ta sa na fitar mata da kujerarta baranda, ta ce ɗakin ya yi mata zafi. Barandar ta fi ɗakin zafi. Ina shanya sai na ga ta ɗaga dunƙule biyu sama, ta saita su da rana, ta daɗe tana kallo, sannan ta zaɓi ɗaya. Bayan baƙi ya kamata shuɗi ya biyo. Kore ta ɗauka. Ta yi layi huɗu da shi, hannunta na gudu kamar kullum, ido bai ko sauka kan saƙar ba. Daga nan ta ɗauki baƙi. Da ta gama layi huɗu na baƙin, ta yanke zaren, ta laluba kwando, ta ɗauko wani baƙin, ta haɗa su a tsanake, ta ɓoye bakin zaren yadda ba za a gani ba, ta ci gaba.

Da farko na ce ko sabon salo ne. Sai abubuwa suka fara dawo min ɗaya bayan ɗaya. Yadda take ɗora yatsa a bakin kofi in tana zuba shayi. Yadda kullum tabaraunta ya ɓata in saƙo ya shigo wayarta, sai in karanta mata. Yadda ta daina cewa rigata ba ta dace da siket ba, wanda na ɗauka ni ce na gyaru.

Ni ba mai magana ba ce. Shekara huɗu na yi a jami'a ina zama bayan ginshiƙi, har wani malami ya taɓa tambayata ko baƙuwa ce ni. Na tsaya a gaban Mama da bokiti a hannu, na buɗe baki.

"Mama, a kawo miki ruwa?"

"Kawo."

Na kawo. Haka Asabar ta wuce, Lahadi ta wuce. Kafin Litinin da la'asar ta yi layi ashirin da shida, ta kuma sha ruwa da yawa.

Baba ya dawo, ya ba da labarin ƙafar ƙaninsa a taƙaice, ya zauna a kujerarsa ya buɗe jarida. Hannunsa na hagu ya sauka cikin kwandon kamar ba da saninsa ba. Na ga hannun ya tsaya. Ya laluba wani dunƙulen. Ya sauke jaridar kaɗan, ya kalli bargon da ke kan cinyar Mama, ya daɗe a kan wurin. Sannan ya naɗe jaridar.

"Auta, zo ki riƙe min tsani. Zan duba tankin ruwa."

Tankinmu lafiyarsa lau. Muka je bayan gida, na riƙe tsanin, shi kuma ya tsaya a ƙasa kusa da ni, ya ɗora ƙafa ɗaya a matakin farko.

"Wa ya yanke?"

"Ni ce."

"Duka?"

"Arba'in da ɗaya."

"Arba'in ne nawa," ya ce. "Ɗayan zaren ne ya harɗe da kansa. Wannan kin kyauta."

Sai ya yi min bayani, yana kallon tankin. Ƙulli ɗaya baƙi, biyu shuɗi, uku ruwan ƙasa, huɗu kore. Kowane launi dunƙule huɗu. Shekara talatin da biyu ya yi yana rarraba wasiƙu a gidan waya, ya ce abin da ya koya shi ne hannu ya fi ido saurin gane abu in an ba shi alama. Masu hasken tana iya rarrabe su tukuna. Masu duhun duk sun zame mata abu ɗaya.

"Yanar ido ce," ya ce. "Duka idanun biyu. Wata takwas ke nan da likita ya faɗa. Ya ce aikin ba wani mai tsawo ba ne, amma in ta ƙara tauri zai yi wuya, kuma ba ta jiran kowa."

"To me ya hana?"

"Ta ce za ta je in ta gama bargon da ke hannunta."

"Ai ya kusa."

"Wannan ne na huɗu tun daga ranar."

Na ƙara riƙe tsanin, ko da yake ba wanda ke kai.

Ya ce Kaka, mahaifiyar Mama, wadda ni a hoto kawai na san ta, ita ma an taɓa yi mata aikin ido, shekara arba'in da suka wuce. Ta shiga tana ganin dishi-dishi, ta fito ba ta ganin komai. Mama ce ta riƙa jan hannunta shekara goma sha ɗaya. Ya ce ya gaya mata zamani ya canza, likitan ma ya gaya mata, ta ce ta ji, ta kuma tambayi likitan ko yana son hular sanyi.

"Ta san kai ne kake ƙullawa?"

"Ba mu taɓa maganar ba."

"To ta yaya ta san ɗaya baƙi ne?"

"Ran nan na ƙulla, sai na ce wa jarida, 'Baƙin nan ya cika harɗewa, ga ƙulli ɗaya.' Washegari na ce shuɗin ya fi shi, har biyu. Da na kai kan kore ta ce in rage surutu tana ƙirga."

"Katin asibitin fa?"

"Yana ƙarƙashin hular firiji. Kowace ranar aiki suna karɓar mutane har sha biyun rana." Ya sauke ƙafarsa daga tsanin. "Yanzu abin yi shi ne a warware layin nan ashirin da shida, a sake saƙa su kafin yayarki ta zo. Kin san bakinta. Kin iya?"

"Ta fara koya min ina 'yar shekara tara."

"Madalla."

"Ta daina koya min ina 'yar shekara tara."

Ya ce a gwada tukuna. Kada mu warware komai sai mun ga ko hannuna zai iya wucewa a matsayin nata.

Ranar Talata bayan abincin rana Mama ta shiga ta kishingiɗa. Baba ya jawo kwandon tsakanin ƙafafunsa ya hau ƙulli, leɓensa na motsi. Ni kuma na ɗauki kwarashin na ƙara layi ɗaya a bakin bargon. Minti arba'in ya ɗauke ni. Da na gama na nuna masa, ya ce shi a idonsa duk ɗaya ne, amma shi ba a tambayarsa.

Mama ta fito ta zauna, ta ja bargon kan cinyarta, ta shafa bakinsa daga wannan ƙarshe zuwa wancan. Ba ta kai rabi ba ta tsaya.

"Wa ya shaƙe min bargo?"

"Ni ce, Mama. Taimako na ce in yi."

"Har yanzu hannunki kamar na mai ɗaure bakin buhu. Zare ba gudu zai yi ba, Auta."

Ta zare kwarashin, ta ja bakin zaren sau ɗaya. Minti arba'in ɗina ya warware kafin in haɗiye yawu. Ta naɗe zaren a yatsa, ta sa hannu cikin kwando don ɗauko na gaba. Hannun ya bi wutsiya, ya tsaya a kan wani abu. Ya bi ta biyu. Fuskarta ba ta nuna komai ba. Baba yana bayan jarida, kunnensa kawai nake gani.

"Malam, ka sha shayi?" ta ce.

"Na sha."

"Auta, ƙara masa. Sa masa madara sosai."

Daga nan saƙar ta koma kan hanya. Huɗu baƙi, huɗu shuɗi, huɗu ruwan ƙasa, huɗu kore. Layin nan ashirin da shida suka zauna a tsakiya kamar baƙin da suka sauka a gidan da ba nasu ba.

Da yamma ni ce na ce wa Baba ya zo mu duba tanki.

"Ba zan iya ba," na ce. "Za ta ji a hannunta."

"Na gani."

"Kuma Baba, ko da na iya, in muka gyara mata, bargo na biyar za ta fara."

Wannan ita ce magana mafi tsawo da na yi a wannan watan. Ya dube ni kamar yanzu aka kawo ni gidan.

"Jami'a ta yi rana," ya ce. "To ke za ki gaya mata?"

"A'a."

"Ni ma a'a."

Muka ɗan tsaya muna kallon tankin, sannan muka mayar da tsanin.

Laraba da hantsi Mama ta kai layin ƙarshe, ta fara zagaye bakin bargon. Ba ta ɗago kai ba ta ce, "Auta, ke ce ba ki da bargo. Wanda kike rufa da shi tun kina firamare ne. Wane launi kike so?"

Na ji jaridar Baba ta daina motsi. Ni ruwan madara nake so, da ruwan hoda. Kowa a gidan ya sani. Su kuma Mama tana ganinsu ko ba ƙulli.

"Ruwan toka mai duhu," na ce. "Da shuɗi mai duhu. Da baƙi."

"Ke ma?"

"E."

"Ku yaran yanzu ba wanda ke son wanki. Malam, ka ji. In ka fita ka biya ta shagon."

Baba ya kalle ni ta saman jaridar, ya ce ya ji. Da rana ya dawo da leda cike da ulu, ya ajiye ta kusa da kwando.

Yaya ta iso ranar Alhamis ƙarfe goma saura. Tun daga ƙofa ta ce fentin ƙofar ya fara ɓarewa. Ta gaida Baba, ta ce ya rame. Ta gaida Mama, ta ce labulen falo ya koɗe. Ta dube ni ta ce, "Auta, har yanzu kina nan?" Na ce ina nan. Ta ce shayin da na kawo mata ya yi zaƙi, ta shanye.

"Ina bargona? Mota na jirana sha ɗaya da rabi."

Mama ta miƙa mata shi a naɗe. Yaya ba ta karɓar kaya a naɗe. Ta ce in kama ɗaya bakin, muka baje shi a tsakiyar falo, daidai inda hasken taga ke sauka. Idonta ya fara daga ƙasa yana hawa, yadda na san yake yi a wurin aiki. Ya zo tsakiya ya tsaya. Ta buɗe baki.

Baba ya yi tari. Yaya ta kalle shi, ya kalli jarida. Ta kalle ni, na kalli ƙafata. Sai ta juya ta kalli Mama. Mama na zaune fuskarta na kallon wajenmu, hasken taga ya faɗa cikin idanunta, kuma a cikin wannan hasken ko wanda bai je jami'a ba zai ga fari-farin da ya kwanta a kan baƙin idon. Yaya wata shida rabonta da gida. Ta rufe bakinta, ta sake buɗewa.

"Ya yi kyau," ta ce.

Ba wanda ya yi motsi.

"Me kika ce?" in ji Mama.

"Na ce ya yi kyau, Mama. Na gode."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan."

Mama ta ajiye kwarashin a hannun kujera. "Shekararki talatin da uku. Hular da na saƙa miki kina jaririya da kanki kika tuge ta kika yar. Rigar makarantarki kika ce hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo, aka auna, gaskiyarki. Ba ki taɓa ce wa abu ya yi kyau kin yi shiru ba." Ta juya wajen Baba. "Malam, me ya samu bargon?"

"Ni ba a tambayata harkar saƙa."

"Yau na tambaye ka."

"Yana da ɗumi," in ji Baba.

"Auta."

"Na'am, Mama."

"Ke kika karanta tsara littattafai. Karanta min bargon nan. Daga ƙasa, layi-layi, kada ki tsallake."

Yaya ta girgiza min kai. Baba ya sake tari, wannan karon ma bai yi kama da tari ba. Na durƙusa a bakin bargon, na ɗora yatsa a layin farko.

"Huɗu baƙi. Huɗu shuɗi. Huɗu ruwan ƙasa. Huɗu kore."

"Ci gaba."

Na ci gaba. Na daɗe ina maimaita abu ɗaya, Mama na gyaɗa kai kaɗan-kaɗan. Ina ganin wurin yana matsowa kamar rami a hanya, kuma ba hanyar kaucewa.

"Huɗu baƙi," na ce. "Huɗu kore."

Kanta ya tsaya.

"Huɗu baƙi. Huɗu baƙi."

"Kin faɗa sau biyu."

"Sau biyu ne, Mama. Kin yanke baƙi kin haɗa da baƙi. Haɗin ya yi kyau, ba a gani sai an taɓa."

"Ci gaba."

"Huɗu ruwan ƙasa. Huɗu kore. Huɗu ruwan ƙasa. Biyu baƙi. Daga nan kuma daidai yake har sama."

"Layi nawa ke nan?"

"Ashirin da shida."

"Daga ranar Asabar."

"E."

"Kina kallo."

"Ina kallo."

"Kika yi ta kawo min ruwa."

Ta miƙa hannu wajen da bargon yake. "Kawo. Zan warware daga sama. Ki bari wani satin a aika miki."

Yaya ta ja bakin bargon daga hannuna, ta fara naɗewa. Muryarta ta dawo irin tata.

"Ba za a aiko min komai ba. Nawa ne, kuma haka zan tafi da shi."

"Ba a fita da irin wannan daga hannuna."

"An fita. Ni ce mai duba kaya, na duba, na sa hannu." Ta danna shi cikin jaka, ta hau kai da gwiwa don zif ya rufe. "In kina son warwarewa, zan kawo miki ranar da za ki nuna min da kanki inda ya fara. Da ido, Mama. Ba da yatsa ba, ba da Auta ba."

Baba ya ce, "Ke, uwarki ce fa."

"Shi ya sa."

Mama ta gyara zama, ta goge hannunta a cinya kamar wadda ta gama da wannan maganar. "Auta, miƙo min ledar nan. Bari in ɗora naki, tunda wannan an ƙwace."

Na kalli Baba. Jarida kawai na gani. Na miƙa mata ledar.

Ta sa hannu ta ɗauko dunƙule ɗaya, ta nemo wutsiyar, ta bi ta da yatsa biyu har ƙarshe. Santsi kawai. Ta ajiye a cinya, ta ɗauko wani. Shi ma haka. Ta ɗauko na uku, ta bi shi a hankali, sau biyu. Ledar ta kwana a gefen ƙafar Baba ta hagu, ya kuma zauna a wurin tun asuba.

"Malam," ta ce.

"Na'am."

Ta jira. Bai ce wa jaridar komai ba. Ya juya shafi, ya daɗe yana gyara ninkin.

Agogon bango ya nuna sha ɗaya saura kwata. Yaya na tsaye da jaka a hannu, ni ina durƙushe a wurin da bargon ya bari. Mama ta mayar da dunƙule ukun cikin leda ɗaya bayan ɗaya, ta soke kwarashin a jikin na sama, ta ɗaure bakin ledar. Ta shiga ɗaki. Muka ji ƙofar kabad. Ta fito da jakarta ta fita da takalmanta na unguwa. Ta bi ta kicin, ta ɗaga hular firiji ba tare da laluba ba, ta zaro katin, ta mayar da hular ta daidaita ta. Ta wuce ta gabanmu, ta buɗe ƙofa, ta bar ta a buɗe.

Baba ya naɗe jaridar gida huɗu, ya ajiye a kan kwandon. Ya zura takalmansa, ya ɗauki tabaraunta da ta bari a hannun kujera ya sa a aljihu, ya bi bayanta.